Rajistar Magami da Masu Lissafin Annoba

Ranar Litinin da safe, kafin marasa lafiya su cika benci, akwai wani ɗan aiki da ake jiran malamin asibiti ya yi a kowane asibitin gwamnati, daga babban asibitin tarayya na Gusau har ɗan sha-ka-tafi na ƙauye. Zai buɗe rajistar makon jiya, ya bi ta layi-layi da yatsa yana ƙirgawa. Mutum nawa aka kawo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya? Yara nawa suka zo da ƙuraje da jan ido? Nawa ne masu amai da gudawa? Akwai yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya? Abin da ya samu sai ya cike a fom, ya aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. In bai samu ko mutum ɗaya ba, ba a yarda ya bar gurbin fayau ba. Dole ya rubuta sifili da hannunsa, domin wannan sifilin shi ne shaidar cewa an duba.

Magami tana kudancin ƙaramar hukumar Gusau, kan hanyar da ta miƙe zuwa Ɗansadau, ƙasar dawa da masara da waken soya. Adadin da ya fito daga rajistar can yakan iso Gusau, a haɗa shi da na Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙananan hukumomin jihar Zamfara, su 14 ne duka, a Ma'aikatar Lafiya. Daga nan ya wuce Abuja, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. A can ƙarshen igiyar akwai wani mutum zaune gaban kwamfuta, wanda mai yiwuwa bai taɓa taka Magami ba. Aikinsa shi ne ya ɗauki waɗannan 'yan adadi ya faɗi abin da ka iya faruwa nan da mako huɗu: ciwon nan zai mutu da kansa ne, ko zai ci gari? Allura nawa za a nema, kuma wace gunduma za a fara kai wa? Ni a wurina mai rajista da mai kwamfuta sana'a ɗaya suke yi, kamar manomin auduga da masaƙi. Zaren da aka kawo wa masaƙi shi zai saƙa, in ruɓaɓɓe ne mayafin ma haka zai fito.

Bari mu fara da na ƙasa, tunda shi ke shan rana. Ma'aikata suna kiran jami'in sa ido DSNO a taƙaice, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da nata. Galibi ma'aikacin lafiyar al'umma ne, irin waɗanda ake yayewa a kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe, wanda ya daɗe a asibitocin karkara kafin a ɗora masa wannan nauyi. Tsarin da yake aiki a ƙarƙashinsa Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fito da shi ga ƙasashen Afirka a 1998, Nijeriya ta karɓe shi a 2001. Kayan aikinsa babur ne, da akwatin sanyi, da ƙanƙara, da kwalaben ɗaukar samfur, da tarin fom, yanzu kuma da waya mai manhajar SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan Ibola ta 2014 da haɗin gwiwar NCDC da wata cibiyar bincike ta Jamus. Amma babban jarinsa mutane ne. Ya san cewa yaron da ƙafarsa ta shanye wurin maɗori ake fara kai shi, mai ciwon kai da zazzaɓi wurin mai kemis, jariri kuma hannun ungozoma. Don haka yana da lambar wanzami da mai maganin gargajiya da mai unguwa da liman, yana zuwa musu suna da ta'aziyya, yana sauka daga babur ya gaishe su ko ba shi da tambaya. Da ɗan gari akan ci gari. Ranar da mai kemis ya kira shi ya ce a makon nan yara biyu daga unguwa ɗaya aka saya wa magani wuyansu ba ya lanƙwasuwa, ranar ce gaisuwar shekara ta biya kuɗinta.

Akwai cututtukan da ba a jira Litinin, cikin awa 24 ake son labarinsu ya hau sama. In shan inna ake zargi, sai an ɗauki bayan-gidan yaron sau biyu, da tazarar aƙalla yini ɗaya, cikin kwana 14 da fara shanyewar, a sa a ƙanƙara a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. In sanƙarau ne, sai an samu wanda ya iya ɗiban ruwan ƙashin baya, kuma an lallashi uban yaro ya yarda a soka wa ɗansa allura a gadon baya alhali yana kwance yana fizge-fizge. Wannan lallashin ba a koyar da shi a aji.

To, shi kuma mai lissafi me yake yi da abin da aka aiko masa?

Tsohon lissafin annoba, wanda Kermack da McKendrick suka shahara da shi tun 1927, yana raba mutanen gari kashi uku: waɗanda ciwo zai iya kamawa, waɗanda ke ɗauke da shi, da waɗanda suka warke ko aka yi musu rigakafi. Sai a nemi adadi ɗaya, wato mutum nawa mai ciwo ɗaya ke shafa wa a tsaka-tsaki. Masu sana'ar suna kiransa R. In R biyu ne, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, a zagaye na goma an haura dubu. Wannan lissafi yana aiki sosai a babban birni bayan ciwo ya riga ya bazu, kamar yadda ɗan kasuwar hatsi ba ya damuwa da ƙwaya ɗaya in yana awon buhu. Amma a ƙauye, a makon farko, ƙwaya ɗayar ce komai. Mutumin da ya dawo daga tafiya da ciwo a jikinsa yana iya kwantawa a ɗakinsa, tsohuwarsa kaɗai ke shiga, ita kuma ta yi ciwon tun tana yarinya. Magana ta mutu a nan. Yana kuma iya daurewa ya je walimar aure, ya kwana a zaure da samari goma sha biyu. Mutum ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, gari ɗaya ne.

Wasu malamai biyu a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Lowell Reed da Wade Hampton Frost, sun samo hanyar nuna wa ɗalibansu wannan tun wajen 1928, da 'yan ƙwallaye masu launi daban-daban. Ana iya kwatanta abin da suka yi a tsakar gida. Ka zuba farin wake ƙwaya ɗari a ƙwarya, su ne mutanen gari. Ka jefa jan wake ɗaya, shi ne mai ciwo. Ka ƙara tsakuwa kamar hamsin, su ne katangu da tazarar da ke raba mutane. Ka girgiza, ka juye su a jere cikin tsagin gora. Duk farin waken da ya faɗo kusa da ja ba tsakuwa a tsakaninsu, ya kamu. Sai ka musanya shi da ja, shi kuwa tsohon jan ka cire shi ka sa gyaɗa a madadinsa, alamar ya warke. Ka mayar ƙwarya, ka sake girgizawa. Wani zubin, tun a girgizar farko jan zai faɗa tsakanin tsakuwa biyu, shi ke nan annoba ta ƙare da mutum ɗaya. Ka sake daga farko, da waken nan dai da tsakuwar nan, sai ka ga ja ya cinye fiye da rabin ƙwarya. Abin da mai kwamfuta ke yi ke nan, sai dai shi ƙwaryarsa tana girgizawa sau dubu goma kafin shayinsa ya huce, kuma yana iya sa mata gidaje da makarantun allo da ranakun kasuwa. Ƙuri'a ce ake jefawa a kowane mataki: wa ya haɗu da wa, wa ya kamu, yaushe ya warke. Amsar da yake bayarwa ba layi ɗaya ba ce a kan takarda, damin layuka ne da suka baje kamar tsintsiya.

A mafi sauƙin wannan lissafi akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowane hakimi da kowane shugaban ƙaramar hukuma ya sani. In R biyu ne kuma mutum ɗaya ya shigo da ciwon, rabin lokuta zai mutu da kansa bayan ya taɓa 'yan tsiraru. In mutum biyu suka shigo da shi, damar ya mutu da kansa ta koma ɗaya cikin huɗu. In uku ne, ɗaya cikin takwas. In biyar ne, ɗaya cikin 32. Sauran lokutan kuwa, a garin mutum 1,000 da ba wanda ke da kariya, kusan 800 zai kama. In ka haɗa sakamakon biyu ka raba, za ka ce a shirya wa mutum 400, alhali 400 ɗin kusan ba ta taɓa faruwa. Ko dai 'yan ƙalilan, ko kusan kowa. Shi ya sa mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya miƙa wa kwamishina adadi ɗaya tilo, ko da an matsa masa. Kuma shi ya sa gardamar da ake yi a ƙauye kan rigakafi ba ta ƙarewa. Wani zai ce bara ciwon ya shigo garin su wane, ba su karɓi allura ba, ba abin da ya same su. Gaskiya ya faɗa. Jan wakensu ne ya faɗa tsakanin tsakuwa biyu.

Na san akwai wanda zai ji an ambaci ƙuri'a a maganar rai da mutuwa ya ɗaure fuska, ya ce ko caca ce ko duba. Ni ban ga haka ba. Mai duba cewa yake yi ya san gaibu. Mai wannan lissafi kuwa tushen aikinsa shi ne amincewa cewa bai san wanda zai kamu gobe ba, sai ya jera duk abin da ka iya faruwa, ya auna wanne ya fi kusa, ya ce a yi shiri. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham labari ya iske shi, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa. A harshen ƙwaryarmu, ƙara tsakuwa ke nan tsakanin wake da wake.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ɗaya daga cikin bayanan da masu wannan fanni suka fi koyon hannu da su a duniya daga Nijeriya ya fito. A 1967 agana ta ɓulla a Abakaliki, ta kama mutum 32, kuma 30 daga cikinsu 'yan cocin Faith Tabernacle ne da ba su yarda da rigakafi ba. Likitoci biyu, David Thompson da William Foege, suka bi gida-gida suka rubuta ranar da ƙuraje suka fito wa kowa, da gidan da yake, da ko an taɓa yi masa lamba. Fiye da shekara hamsin ke nan, har yanzu ɗalibai a Ingila da Ostareliya suna gwada sababbin dabarun lissafi a kan waɗannan layuka 32. Darajarsu ita ce an rubuta su da kyau, ba a tsallake kowa ba. Haka kuma Ibola ta Legas. Patrick Sawyer, wanda ya shigo da ita, ya sauka a birnin ranar 20 ga Yuli 2014, shi kaɗai ya shafa wa mutum 12, yawancin waɗanda suka kamu daga baya kuwa ba su shafa wa kowa ba. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta rasa ranta a dalilin haka. Masu bin sawu suka riƙa zagaya kusan mutum 900 kullum suna auna zafin jikinsu. Aka tsaya a mutum 20 a faɗin ƙasar, takwas suka rasu, duk da cewa ciwon ya shigo ta birnin da ke da miliyoyin jama'a.

Amma misalin da ya fi kama da rayuwarmu yana tsallaken iyaka ne, a Nijar. Tun 1957 wani masani a Ingila, Maurice Bartlett, ya lura cewa ƙyanda ba ta iya zama dindindin a garin da mutanensa ba su kai kimanin 250,000 ba. Takan cinye yaran da za ta iya kamawa, ta rasa na gaba, ta mutu, sai an haifi sababbi sun taru sannan wani ya sake shigo da ita daga babban birni. Iyayenmu da suka sa mata suna baƙon dauro sun ga wannan da idonsu: baƙuwa ce, zuwa take yi ta tafi. A 2008 Matthew Ferrari da abokan aikinsa suka nazarci rajistar ƙyanda ta Yamai ta shekaru masu yawa, suka tarar ko a can, duk da girman birnin, ciwon yakan ɗauke da damina, sannan ya dawo ba bisa tsari ba, wata shekara shiru, wata shekara dubbai. A 2011 Nita Bharti da nata abokan suka kawo dalilin ta hanyar da ta ba ni mamaki. Sun ɗauki hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka ga biranen suna ƙara haske da rani, suna dusashewa da damina, ƙyanda kuma tana bin hasken sau da ƙafa. Cin rani ke nan. An gama girbi, ƙauye ya kwararo birni, ɗakuna sun cika, ciwo ya samu abinci. Ruwa ya sauka, kowa ya koma gona, wani ya tafi da guzurin da bai sani ba. Duk wanda ya san yadda samarin Magami da Tsafe ke watsuwa Gusau da Funtuwa da Kano bayan kaka, su dawo da shukar fari, ya san ba Nijar kaɗai ake nufi ba. Amfanin wannan sani a aikace shi ne lokacin yin allura, da wurin yin ta: tasha, bakin kasuwa, unguwannin da 'yan cin rani ke sauka. Ƙyanda tana cikin cututtuka mafi saurin yaɗuwa, R ɗinta yakan kai 12 zuwa 18, don haka sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu kariya kafin gari ya huta.

A ƙasar Hausa ma an taɓa yin gagarumin aiki irin wannan. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun zauna a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yau, suna fesa maganin sauro, suna raba ƙwayoyi, suna ɗiban jinin mutanen ƙauye duk bayan mako goma. Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka fitar da lissafin zazzaɓin cizon sauro daga nan a 1974. Nasu ba mai ƙuri'a ba ne, amma bayanan Garki har gobe ana gwada sababbin lissafai da su. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai, bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo.

Sanƙarau shi ne ciwon da Zamfara ta fi sani, kuma shi ya fi ba masu lissafi wuya. Jihar da kanta an ƙirƙire ta a 1996, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 109,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Wahalarsa ita ce abin da ke yaɗuwa ba a ganinsa. Cikin mutum ɗari, biyar ko goma na iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro suna harkokinsu lafiya lau, suna ba wasu. Sai hunturu ya busar da hanci da maƙoshi, ƙura ta yi yawa, zafin bazara ya biyo baya, sannan ƙwayar ta samu hanyar shiga jinin wani. Wanda ya kwanta ɗaya ne cikin ɗaruruwan da ta ratsa. Wato a ƙwaryar sanƙarau yawancin jan waken fari yake a ido. Saboda haka aka sa wa masu sa ido ƙa'ida mai tsauri. A yankin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum biyu a mako ɗaya gargaɗi ne, biyar kuwa annoba ce. A wanda ya fi haka, uku cikin 100,000 gargaɗi, goma annoba. In an tsallake wannan layi, ana son allura ta iso cikin mako huɗu, in ba haka ba amfaninta yakan ragu sosai.

A nan ne sanin ƙasa ke da muhimmanci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum 383,162. In yara biyar suka kwanta a Magami cikin mako ɗaya aka narkar da su cikin wannan adadi, ba su kai biyu cikin 100,000 ba, takarda za ta nuna lafiya lau, alhali a gundumar wuta ta riga ta kama. Jami'in da ya ƙware gunduma-gunduma yake lissafinsa, wani lokaci ma ƙauye-ƙauye.

Abin da ya faru a 2017 kowa a jihar nan yana da nasa labarin a kai, don da wuya gidan da bai je jana'iza ba. Allurar MenAfriVac da aka yi a shekarun baya ta karya nau'in A na ƙwayar sanƙarau, sai nau'in C ya taso, wanda aka fara gani a Sakkwato a 2013 da Kabi a 2014. Ƙididdigar hukuma ta fara ne daga 13 ga Disamba 2016. Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara ta sanar da NCDC ranar 16 ga Fabrairu 2017, lokacin ciwon yana ƙananan hukumomi huɗu. An buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa ta ƙasa ranar 3 ga Afrilu, allura kuma a watan ta fara isa hannun jama'a. Zuwa tsakiyar Yuni an ƙirga mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. Waɗanda aka samu gwada samfurinsu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da saɓon Allah, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. Ni abin da ya tsaya mini a rai kwanakin ne. Daga 13 ga Disamba zuwa 16 ga Fabrairu kwana 65 ne. Duk wanda ya girgiza ƙwaryar nan ko sau goma ya san abin da kwana 65 ke nufi: an wuce lokacin da ciwo zai iya mutuwa da kansa, an wuce lokacin da 'yan allurai kaɗan za su tare shi. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar, kuma wannan babban ci gaba ne. Sai dai ita ma sai an san inda za a kai ta.

Ta ina ake shiga sana'ar? Ƙofa biyu ce. Likitoci da likitocin dabbobi da masu ɗakin gwaji suna bi ta shirin horar da masu binciken annoba da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan, inda mafi yawan karatun a fili ake yinsa, cikin annoba ta gaske. Ɗaya ƙofar ta lissafi ce zalla. Yaron da ya iya lissafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, in ya koyi ilimin yiwuwa da rubuta umarnin kwamfuta da manhajar R ko Python, ya kama hanya, kuma waɗannan manhajoji kyauta ne. Yana da wanda zai duba: Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirin farko a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi na uku a Brunel ta Ingila, ya koyar a Manitoba da Arizona da Maryland, yana cikin sanannun masu lissafin cututtuka a duniya. Shawarata ga irin wannan yaro ita ce kada ya tsaya kan takardar neman ƙarin girma, wadda ake aro adadinta daga wata ƙasa a zuba a lissafi a buga. Ya je ya zauna wata guda da jami'in sa ido na Bunguɗu ko na Tsafe, ya hau bayan babur ɗinsa, ya ga yadda ake samun adadi ɗaya. Zai gane dalilin da ya sa ranar fara ciwo a fom sau da yawa ranar kasuwa ce ko Juma'a, don da su uwa ke tuna kwana. Zai gane cewa shekarun yaro ƙiyasi ne, kuma wanda ya rasu a gida kafin a samu abin hawa ba ya cikin rajistar kowa.

Shi kuwa na kan babur, albashinsa na ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, man da yake zagaye da shi kuma shekara da shekaru kuɗin yaƙi da shan inna ne ke ɗaukar kaso mai yawa nasa. An tabbatar wa Afirka rabuwa da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta 2020. Abin murna ne, amma ya kamata jiha ta fara tunanin wanda zai sayi man nan gaba, domin babur ɗin da ke neman yaro mai shanyayyar ƙafa shi ne dai ke jiyo labarin sanƙarau da kwalara da mashaƙo.

Akwai kuma abin da ya fi rashin mai. Hanyar Gusau zuwa Magami zuwa Ɗansadau ta daɗe tana cikin hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, har matafiya kan jira rakiyar sojoji. Ƙauyuka sun watse, mutanensu sun cunkushe a garuruwan da ke da ɗan tsaro, suna kwana a makarantu da kangaye, suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Ta fuskar lissafi an kwashe tsakuwa daga ƙwarya ke nan, kuma an ƙara farin wake, don yaran da aka haifa a daji ba wanda ya kai musu allura. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 111,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,600, Zamfara na cikin jihohin da ta fi shafa. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Mai kemis ba shi da hanyar kira, manhajar waya ba ta da inda za ta aika komai.

A irin wannan mako gurbin wani asibiti a takardar Gusau yakan zo fayau. Ba biyu, ba biyar, ba sifili. Mai lissafin da bai san ƙasar ba, ko kwamfutar da ba a gargaɗe ta ba, sai su karanta shi a matsayin sifili, taswira ta fito da kore a daidai inda ya kamata hankali ya fi tashi. Wanda ya san aikinsa yakan sa wa gurbin alamar ba a ji ba, ya bar ƙuri'a ta cike shi da duk abin da ka iya kasancewa, tsintsiyar layukansa ta ƙara bajewa, sannan ya rubuta a rahotonsa cewa daga gunduma kaza mako uku ke nan ba labari, a nemi hanyar aika mutum. Shi kuma jami'in sa ido sai ya koma dabarun da, ya tsaya a tasha yana tambayar direbobin da suka fito tare da ayari ko ana ciwo a garinsu, ya ba ɗan kabu-kabu fom a ninke ya kai wa malamin asibiti. In an samu samfur, ana son ya isa ɗakin gwaji cikin kwana uku da sanyinsa. Sai ya lissafa ranar da rakiya za ta fito, ya lissafa awa nawa ƙanƙararsa za ta iya kaiwa, sannan ya aika wa uban yaron ranar da za a ɗiba.